Yaya ga amsar tambayarki kan zuwanmu bakin teku

Yaya barka da war haka, ya yara ya zafin Kano. Na ga saƙonki tun jiya, wai hoton da na saka ne ya tayar da ƙura har Inna na cewa yanzu mu ma mun zama turawa muna kwasar 'ya'ya mu tafi bakin ruwa inda ake tsiraici. Wallahi sai da na yi dariya har Baban yara ya leƙo yana tambaya lafiya.

Toh bari in miki bayani yadda abin yake. Nan Masar akwai abin da suke kira masyaf, wato in zafi ya yi kowa sai ya ja iyalinsa zuwa bakin Bahar Rum ko na kwana huɗu ne, mai kuɗi da talaka, mai gemu da mai niƙabi, har limamin masallacin unguwarmu yana zuwa. Mu Hausawan Alƙahira da muka daɗe, yawanci karatun Azhar ne ya kawo mazajenmu aka zauna, a wurinsu muka koya, dan kuwa in kina zaune a bene hawa na biyar a watan Agusta ga yara huɗu ba tsakar gida ba inuwar darbejiya, ba sai an ce miki ki nemi inda za ki sha iska ba.

Mu Marsa Maɗruh muke zuwa, can yamma da Iskandariyya kan hanyar Libiya, awa biyar zuwa shida a bas daga Alƙahira. Iskandariyya ta fi kusa amma cinkosonta kamar Kwari ana jibi sallah. Ita ma Maɗruh ɗin in kika je a Yuli ko Agusta ba masaka tsinke, shi ya sa mu sai Satumba ta shiga, Misirawa sun fara komawa shirin makaranta, garin ya yi tsit, kuɗin haya ya faɗo, dillalin da yake ɗaga miki kai wata ɗaya baya shi ne zai biyo ki yana roƙo. Adashi muke yi tun farkon shekara, gida uku ko huɗu, a kama shaƙƙa biyu, wato sashen gidan haya, a bene ɗaya, maza da samari ɗaya mata da ƙanana ɗaya, kin ga ba wanda zai kunyata gaban wani.

Maganar tsiraici kuwa Yaya ki kwantar wa Inna da hankali. Mutanen garin Larabawan ƙauye ne 'yan ƙabilar Aulad Ali, sun ma fi na Alƙahira riƙo, matansu da wuya ki ga fuskarsu. A bakin ruwan da talakawa ke zuwa mata da doguwar rigarsu da ɗankwali suke shiga, ni da abayata nake tsunduma in fito tana ɗiga, wata ma da niƙabinta. Masu ƙananan kayan suna can wuraren masu kuɗi da ake biya kafin a shiga, mu me zai kai mu. Kuma ruwan cikin garin duwatsu sun tare shi daga babban teku, babu igiya mai ƙarfi, yaro zai yi ta tafiya bai wuce ƙugunsa ba, ga shi garau kina hango yatsun ƙafarki, rairayin fari fat kamar garin rogo. Akwai wani wuri Agiba, wajen kilomita ashirin da wani abu daga gari, sai an gangara daga kan dutse, sunan ma daga ajabi ne, ranar da na fara leƙawa tasbihi kawai na kama.

Abinci ba ma saye sai kifi. Kuka da daddawa da yaji duk da su muke tafiya, shinkafar Masar kuma 'yar gajera ce mai danƙo kamar dan tuwo aka halicce ta, muluhiyarsu da suke ta alfahari da ita lalo ce fa Yaya, lalon da Inna ke tsinkowa a bayan gida.

Su mazan ba sa barin mu huta da tarihi. A hanya sai an tsaya Alamain inda aka gwabza a yaƙin duniya na biyu a 1942, Montgomery na Ingila da Rommel na Jamus, maƙabartar ɓangaren Ingila kaɗai kabari sama da 7,000 a jere cikin hamada, yaran da ke ta surutu a mota duk sai su yi shiru. A cikin Maɗruh ma akwai kogon da Rommel ɗin ya zauna yana tsara yaƙi, an mai da shi gidan tarihi, ƙarami ne dai minti ashirin kin gama. Sai wani ƙaton dutse da ruwa ke shiga cikinsa wai nan Kiliyobatira sarauniyar Masar ta dā take wanka, ni dai na ce wa Baban yara wa ya gan ta. Wanda ya tabbata shi ne Iskandar mai girma ya bi ta garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa zai je Siwa, wani gari mai dausayi can cikin hamada, har yau kuma hanyar Siwa daga nan take tashi, dabino da zaitun da man zaitun da ke cike a kasuwar da suke kira Suƙ Libiya yawanci daga can ake kawowa.

Abin da ke ɗan damuna ɗaya ne, yaranmu in sun shiga ruwa da Larabci suke ihu, autana ma bai san kalmar teku ba sai bahar, na fara tilasta musu Hausa in muna can tunda duk mu ne a gidan.

Dabinon da na aiko miki bara daga kasuwar nan ne. In Allah ya sa Yaya Alhaji ya kawo ki ganin likitan da kuke ta magana, ku daidaita da Satumba, abaya biyu kawai za ki ƙaro. Ki gaida Inna ki nuna mata hoton na biyu, wanda muke sallar la'asar a kan rairayi.