Ki tausasa harshe, amma kada ki janye maganar

Assalamu alaikum, Malama. Sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na yanke shawarar amsawa, domin ta tuna mini da wani zamani na rayuwata da ban cika son waiwayarsa ba. Kin ce akwai abokiyar aikinki da take jibga miki ayyukanta, tana kuma yi miki magana gatsal a gaban mutane. Idan kin yi shiru raini ya ƙaru, ranar da kika ɗaga murya kuwa sai aka ce kin canza hali, shi ya sa kike neman yadda za ki tsaya wa kanki ba tare da kin rasa kirkin da aka san ki da shi ba.

Na yi shekara 6 ina aiki a ɗaki ɗaya da wani mutum da ya girme ni, ya kuma riga ni kama aikin, ko da yake matsayinmu ɗaya ne. Dabararsa ita ce ya jira sai lokacin tashi ya gabato, sannan ya ajiye mini takardunsa a kan tebur ya ce, "Ɗan duba mini wannan, ai kai ne gwani." Idan aikin ya yi kyau da sunansa yake isa wurin shugabanni, idan kuma aka sami kuskure sunana ne yake fara fitowa daga bakinsa. Ni kuwa ina gaya wa kaina cewa haƙuri nake yi, kara nake yi wa babba. Sai daga baya na gane cewa mafi yawan abin da nake kira kirki tsoro ne: tsoron kada ya ɗaure mini fuska, tsoron kada a ce ba ni da ladabi. Abin da ya tona mini asirin kaina shi ne yadda nake komawa gida. Wanda ya taimaki wani don ra'ayin kansa yana tafiya zuciyarsa sakayau, ni kuwa ina tafiya ina ƙuna, ina nanata amsoshin da ban ba shi ba, har ya zama iyalina, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, su ne suke kwasar ɓacin ran. Ki auna kanki da wannan ma'aunin.

Ranar da tura ta kai bango, a tsakiyar taro ne, na amayar da abin da na tara na shekara 6 cikin minti biyu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma babu wanda ya riƙe gaskiyar, muryata kawai aka riƙe, kuma ni aka sa na ba da haƙuri. Ina jin wannan ne ya same ki da aka ce kin canza. Mutane ba su ga tsawon lokacin da kika yi kina haɗiyewa ba, fashewar kaɗai suka gani.

Kuskuren da nake yi a tunani shi ne ɗaukar kirki da tsayuwa kan ra'ayi kamar sikeli guda, wanda idan ɓangare ɗaya ya ɗaga dole ɗayan ya sauka. A 1974 wasu masana biyu a Amurka, Kenneth Thomas da Ralph Kilmann, suka fitar da wani tsari na fahimtar yadda mutane suke tunkarar saɓani, inda suka raba abin zuwa ma'auni biyu masu zaman kansu: gwargwadon yadda mutum yake neman biyan buƙatarsa, da gwargwadon yadda yake kula da buƙatar abokin saɓaninsa. Daga nan suka fitar da halaye 5, wato danniya, da miƙa wuya, da kauce wa maganar, da raba gardama kowa ya rage wani abu, da kuma haɗa kai a nemi mafitar da ta gamsar da kowa. Abin da ya amfane ni a ciki shi ne ganin cewa mutum yana iya cika ma'aunin biyu a lokaci guda. Wanda ya san ƙissar Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna ya san cewa da aka aike su wurin Fir'auna an umarce su da magana mai taushi, amma ba a rage ko kaɗan daga saƙon ba. Taushi na harshe ne, ƙarfi kuma na matsayar da aka ɗauka.

Ga abin da na yi a aikace. Da ya sake kawo takardun na miƙe tsaye na gaishe shi kamar kullum, sannan na ce, "Malam, ba zan iya karɓar wannan ba, nawa aikin yana gabana. Idan akwai inda ya shige maka duhu, gobe da safe zan zauna da kai minti 10 mu duba tare." Ban ƙara komai ba, kuma a nan wahalar take, domin baki yana son ya yi ta jero uzuri. Kowane uzuri ƙofa ce da kika buɗe: idan kin ce ba ki da lokaci yau za a ce to jibi, idan kin ce ba ki iya ba za a ce ai mai sauƙi ne. Ya ce ashe yanzu girma ya zo mini. Na ce, "Girmanka yana nan, amma ba zan iya karɓa ba." Ya kawo maganar shekarun da muka yi tare, na amsa cewa gaskiya ne, na sake maimaita jimlar nan da murya ɗaya. Hannuna yana rawa a ƙarƙashin tebur, ban ɓoye miki ba.

Game da cin fuska a gaban jama'a, kada ki rama a wurin, kada kuma ki bar kwana ya yi yawa. Ki same ta ku biyu kawai, ki ambaci aikin da ta yi da lokacin da ta yi shi, ki bar halinta. "Jiya a taro kin katse ni sau uku, kin kuma ce ban san aikina ba, idan kina da gyara, ina so ki same ni ni kaɗai" magana ce da take da wuyar musu. "Ba ki da mutunci" kuwa hukunci ne, kuma babu wanda ake yanke wa hukunci ya zauna yana saurare.

Abin da ba wanda ya gaya mini, wanda kuma ya kusa mai da ni baya, shi ne cewa al'amarin yakan ƙara tsanani kafin ya lafa. Masu nazarin ɗabi'a tun zamanin B. F. Skinner, wanda ya yi gwaje-gwajensa da ɓeraye da tantabaru, sun nuna cewa idan aka daina saka wa wata ɗabi'a da abin da ta saba samu, takan fara ƙaruwa kafin ta mutu. Sun kuma nuna cewa ɗabi'ar da ake saka wa jefi-jefi ta fi wadda ake saka wa kullum wuyar kankarewa. Ma'anar wannan gare ki ita ce, idan kin ce a'a sau huɗu sannan kika sakko a na biyar, kin koya mata ne cewa farashinki naci biyar ne. Mutumina ya yi kusan wata biyu yana gwada ni, wata rana da fushi, wata rana da zaƙin baki, wata rana da kai ƙorafina wurin wasu. Na sakko sau ɗaya saboda ya zo da labarin rashin lafiya a gidansa, kuma ban yi nadama ba domin labarin gaskiya ne, amma na faɗa masa a fili cewa saboda wannan dalilin ne kaɗai.

Kada kuma tsayuwar ta zama gaba. A 1980 Robert Axelrod, masanin siyasa a Jami'ar Michigan, ya wallafa sakamakon wata gasa ta manhajojin kwamfuta, inda kowace manhaja take zaɓar ta ba da haɗin kai ko ta ci amana a wasan da ake maimaitawa. A zagayen farko an shigar da manhajoji 14, a na biyu 62, kuma sau biyun wadda ta fi kowace sauƙi ce ta yi nasara, ta Anatol Rapoport. Ba ta taɓa fara cuta, tana mai da martani nan take idan an cuce ta, kuma da zarar abokin wasa ya gyara sai ta koma haɗin kai ba tare da riƙo ba. Mutane ba manhajoji ba ne, kuma ban ce ki rama zagi da zagi ba. Abin da na ɗauka shi ne saurin nuna iyaka da saurin sakin fuska. Ranar da abokiyar aikinki ta yi miki magana ta mutunci, ki karɓa hannu bibbiyu, kada ki tuna mata jiya.

Duk wannan na tsakanin tsara ne ko waɗanda suke kusa a matsayi. Idan wadda kike fama da ita tana da iko a kan albashinki ko ƙarin girmanki, ko abin ya kai ga barazana, to ki fara rubuta abin da ya faru da rana da lokaci da waɗanda suke wurin, ki kai ga wanda alhakin sauraron ƙorafi yake wuyansa. Akwai kuma mutanen da babu lafazin da zai gyara su, sai dai a rage hulɗa zuwa gaisuwa da abin da aiki ya wajabta.

Mutumin nan bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma na daina jira. Takardun dai sun daina zuwa teburina, sun koma na wani sabon ma'aikaci, wanda na kira gefe na gaya masa kusan abin da na gaya miki yanzu. Mun ƙara shekara 3 a ɗakin nan muna gaisawa kowace safiya, kuma da zai yi ritaya ni ya roƙa na taya shi haɗa takardun sallamarsa. A wannan karon tambaya ya yi, ya tsaya yana jiran amsata.