Gwiwata tana ƙara in na miƙe daga sujada

Tambaya: Likita, ni tela ne a Unguwar Rogo, Jos, shekaruna 57. In na miƙe daga sujada sai gwiwata ta ce ƙas, musamman da asuba cikin hunturu. Kafaɗata kuwa lafiya lau. Ko ƙashin ne yake cinyewa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. In ƙara ce kawai, ba ciwo ba kumburi, kwantar da hankalinka.

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kuma ba kowace mahaɗarsu ke motsi ba. Na ƙoƙon kai a ɗinke suke. Maɗigar jariri ma takan rufe wajen wata 18. Na ƙashin baya ɗan lanƙwasawa kawai suke yi. Masu motsi sosai kuwa kowace da irin nata. Kafaɗa da ƙugu dunƙulen kan ƙashi ne zaune cikin ƙoƙo, shi ya sa suke juyawa ko'ina, sai dai ƙoƙon kafaɗa ba zurfi, don haka ta fi saurin gocewa. Saman wuya akwai mai juyi, ita kake sallama da ita dama da hagu. Gwiwa tamkar ƙyaure ce, buɗewa da rufewa, ga ta ɗauke da ninki biyu zuwa uku na nauyinka a kowane taku.

In ka je sayen ƙafar sa, ka ce mahauci ya nuna maka kan ƙashin kafin ya sara. Za ka ga farin guringuntsi mai sheƙi, da wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai. Ni da wannan nake yi wa marasa lafiyata bayani, ya fi musu hoton littafi. Ruwan nan shi ne man keken gwiwa. Yawanci ƙarar da kake ji kumfar iska ce cikinsa, ko jijiya ta zame kan ƙashi.

Zaman keke tun safe yana sandarar da gwiwa, ga sanyin Jos. Ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa duk rabin awa. Amma in ta kumbura, ko ta yi zafi, ko ta maƙale, ko sandarewar safe ta wuce minti 30, kada ka tsaya kan man zafi. Je asibiti, sashen ƙashi, a duba ko guringuntsin ne ya fara zaizayewa.