Dasashina na jini, me ya sa likita bai rubuta mini antibayotik ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Dasashina ya daɗe yana jini idan ina goge baki, wani lokaci har da kumburi da wari. Na je wurin likitan haƙori, ya wanke mini haƙora, ya ce in dawo bayan wata biyu, ko ƙwaya ɗaya bai rubuta mini ba. Ƙawata kuwa da ta je da ciwon dasashi, antibayotik har iri biyu aka ba ta. Sakaci ya yi ne, ko in sayi maganin da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki saya. Bisa abin da kika bayyana, likitan naki ya bi hanyar da ta dace.

Tushen yawancin ciwon dasashi wata dauɗa ce mai yauƙi da ke manne wa haƙori a daidai inda ya haɗu da dasashi. Ƙwayoyin cuta ne cunkushe a cikinta, sun lulluɓe kansu da wani abu mai danƙo da ke hana magani ratsawa. Idan ta kwana biyu ba a goge ta ba sai ta daskare ta yi tauri, buroshi ba ya iya kankare ta. Ƙwayar da kika haɗiya ta jini take bi, ita kuwa wannan dauɗa a jikin haƙori take, inda jini ba ya zuwa. Shan magani alhali tana nan kamar share ɗaki ne ana barin bola a bakin ƙofa: kumburin zai lafa na 'yan kwanaki, ya dawo. Shi ya sa wankin haƙori shi ne ainihin maganin, ba share fage ba ne.

Kafin likita ya yanke shawara, yakan zura wani siririn ƙarfe mai awo tsakanin haƙori da dasashi. Zurfin milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Idan akwai jini amma zurfin bai wuce haka ba, kumburi ne kawai, kuma yana warkewa sarai da wanki da goge baki sau biyu a rana da tsaftace tsakanin haƙora. Daga milimita 4 zuwa sama, rami ya fara buɗewa, sai a ɗauki hoto a ga ko ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara zaizayewa. A nan ma ba magani ake fara bayarwa ba. Ana kashe wurin da allura a kankare saiwar haƙorin har ƙasa, a jira makonni, a sake awo. Wata biyun da aka ba ki ke nan. Ramin da ya kai milimita 6 ya ƙi rufewa, shi ake tunanin yi wa ƙaramar tiyata, ko a wasu lokuta a zuba magani a cikinsa kai tsaye.

To, yaushe ake ba da antibayotik? Na farko, idan cutar ta fara yaɗuwa: fuska ta kumbura, zazzaɓi ya zo, kaluluwa ta fito a wuya. Ko da ƙurji ne mai mugunya, fasa shi a fitar da ita ne kan gaba, magani ya biyo baya idan akwai waɗannan alamomin. Na biyu, akwai wani nau'i mai tsananin zafi da ke cinye dasashin da ke tsakanin haƙora, da mugun wari. Shi akan haɗa wanki da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Na uku, matashi wanda ƙashinsa ke zaizayewa da sauri a haƙora da yawa, akan haɗa masa amoksisilin da metronidazol bayan an kankare. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin waɗannan ne ya sami ƙawarki. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai ta fitar a 2020 sun ce kada a maida ba da antibayotik al'ada a wannan ciwo, sai ga irin waɗannan zaɓaɓɓun marasa lafiya.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana damuna ƙwarai, don mutane na raina shi. Duk shan da ba dole ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi aiki. Ga gudawa, ga masu borin jini da penisilin, wanda amoksisilin danginsa ne. Metronidazol na ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har ya jawo zubar jini. Doksisaikilin kuma, wani antibayotik ɗin, ba a ba mai ciki.

Idan kin koma, ki gaya wa likitan ko kina da ciwon suga, ko juna biyu, ko kina shan taba, domin duk suna tsananta ciwon. Ki kuma nuna masa magungunan da kike sha. Amlodipin da nifedipin na hawan jini, da fenitoyin na farfaɗiya, suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Kada ki daina goge inda ke jini don tsoro, ki sa buroshi mai laushi ki ci gaba. Amma idan fuska ta kumbura, ko buɗe baki ko haɗiya ko numfashi ya yi miki wuya, kada ki jira wata biyun, ki tafi asibiti a ranar.