Amsa: Inda ƙaninki zai samu taimako a New York

Hajiya, kin ce ƙaninki ya sauka New York wata uku ke nan, bai da takardu, kuɗin lauya kuma ya fi ƙarfinsa. Ki ce masa ya je ƙungiyar African Services Committee da ke unguwar Harlem. 'Yan gudun hijirar Habasha ne suka kafa ta a 1981, kuma ba don riba take aiki ba. Suna ba da shawarar shari'ar shige da fice, da gwajin lafiya, da darasin Turanci, har da kayan abinci. Ni ma can na fara zuwa. Layi dai akwai shi, ya yi sammako.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. In mafaka zai nema, doka ta ce ya shigar da takarda cikin shekara 1 da shigowarsa Amurka. Wata uku sun riga sun tafi. Kada ya biye wa masu zama a shago suna cewa za su cike masa fom a ba su dala. Na ga wanda aka cike wa labarin ƙarya, ya je gaban alƙali ya kasa maimaita shi. Lauya ko wakilin da gwamnati ta amince da shi kaɗai zai ba wa takardunsa.

Ya kuma yi katin IDNYC, wato katin shaida na birnin New York, ba a tambayar matsayin zama. Ranar Juma'a ya leƙa masallatan unguwar Bronx, akwai 'yan zangon Ghana da yawa da zai yi Hausa da su.