Tambayi Likita: Wane binciken maleriya ya cancanci a yi masa wahala?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Na kai wa malamina batun bincike kan yawan yaran da ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro a unguwarmu, sai ya mayar mini da takardar, wai in fara halartar bita kan yadda ake tantance binciken da ya fi muhimmanci. Ni gani nake ɓata lokaci ne. Ko akwai abin da ban gane ba?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yata. Gata malaminki ya yi miki. Ƙirga masu zazzaɓi an yi shi har an gaji. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 22 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar cutar, alhali a 2010 kashi 42 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe tana faɗin cewa kimanin rubu'in masu kamuwa da cutar a duniya a Najeriya suke. To idan kin ƙirga na Tudun Wada, wa zai canza aikinsa saboda lissafinki? Kundin zai hau kanta ya sha ƙura tare da 'yan'uwansa.

A irin wannan bita, ana tara ɗalibai da jami'an shirin yaƙi da maleriya da ma'aikatan asibiti, kowa ya kawo tambayar da ke damunsa, sannan a ba kowace maki: girman matsalar, ko za a iya amsa ta da kuɗi da lokacin da ake da su, da kuma wanda ke jiran amsar. Wannan na ƙarshe ɗalibai suka fi mantawa, kuma a wurina shi ne uwa uba. 

Tambayoyin kuwa ga su birjik a ƙofar gidanki. Duk damina ana bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata. Mai rabo yana ba da na ranar farko a gabansa, ya bar wa uwa na kwana biyu. Iyaye mata nawa ke ƙarasawa? Masu bari me ke sa su bari: amai, ɗaci, ko maigida ne ya hana? Wannan amsa ce da za a iya aiki da ita kafin damina mai zuwa. Ki leƙa kemis a Sabon Gari ki ga yadda ake sayen maganin maleriya ba gwaji, ko kuma a yi gwajin ya nuna babu, amma mai jinya ya ce atafau sai an ba shi. Ga mata masu ciki da ya kamata su sha Fansidar, maganin kariya daga maleriya, aƙalla sau uku wajen awo. Ga gidan sauro da ake karɓa a rufe irin tumatir da shi a lambun bakin kogin Galma, abin da na gani da idona, har mai lambun na yi mini alfahari da ingancinsa.

Ban ce ki guji manyan batutuwa ba, irin saurayen da maganin feshi ya daina kashewa, ko allurar rigakafin da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024. Amma su suna son ɗakin gwaji da kuɗin da ɗalibi bai da su.

Kafin ranar bitar, ki je ƙaramin asibitin unguwarku da safe, ki jira layi ya ragu, ki tambayi mai kula da wurin abin da ya fi ɗaure mata kai game da maleriya. Ki rubuta yadda ta faɗa, ki tafi da shi zauren. Allah ya ba da sa'a.