Yadda ake haɗa teburin katako na ɗora tankin kifin ruwan gishiri

Tambaya: Malam, ina zaune a unguwar Arkilla a Sakkwato. Na sayi tankin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 45, domin kiwon kifin ado na teku. Ina so in haɗa masa teburin katako da kaina, ko in sa kafinta ya haɗa. Wane katako ya dace, kuma yaya za a yi ya ɗauki nauyin?

Amsa: Malam, kafin a taɓa zarto ya kamata a fara da lissafi. Tankinka yana cin lita 243, kuma ruwan gishiri ya ɗan fi ruwan daɗi nauyi, domin kowace lita tana kai kilo 1.025, wato ruwan kaɗai ya kusa kilo 250. Idan kaurin gilashin milimita 10 ne, shi ma zai kai kimanin kilo 50, ga yashi ga duwatsu ga na'urori. Saboda haka ka ɗauka cewa za ka ɗora wa teburin kusan kilo 350, kwatankwacin buhun siminti bakwai, kuma ba za a sauke su ba dare da rana, shekara da shekaru. Teburin falo, komai kyansa, ba don wannan aka yi shi ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne hanyar da nauyin zai bi ya isa ƙasa. Yawancin kafintoci sun saba kafa ƙafa a gefen katakon sama su buga ƙusa, wanda ke nufin ƙusar ce ke riƙe da kayan duka. A nan hakan ba zai yi ba. Dole ne katako ya zauna a kan katako: a haɗa firam na sama da firam na ƙasa da katako mai inci biyu da huɗu, a tsayar da shi a kan siririn gefensa, ɓangaren inci huɗu yana tsaye, domin a haka ya fi jure lanƙwasa, sannan a yanka ƙafafun daidai tsayin da ke tsakanin firam ɗin biyu a cusa su a tsakani, ta yadda firam na sama zai hau kansu kai tsaye. A kowace kusurwa sai a ƙara wani katako dogo daga ciki, wanda zai haɗa sama da ƙafa da ƙasa ya hana su zamewa. Da wannan tsari aikin sukuru shi ne riƙe sassan a wurinsu kawai, ɗaukar kaya kuwa na katako ne. Ka tsaya a kan kafinta har sai ka ga ƙafafun sun fito tsayi ɗaya, domin idan ɗaya ta gaza da kaurin tsinken ashana, sauran ukun ne za su ɗauki rabonta.

Tsawon santimita 120 ba ya buƙatar ƙafa a tsakiya idan katakon lafiyayye ne marar gaɓa, amma da tankin ya fi haka da na ce a ƙara. Tsayin teburin kuma ya tsaya tsakanin santimita 75 da 90.

Ƙafafu masu ƙarfi ba sa hana tebur karkacewa gefe idan yaro ya jingina da shi. Maganin wannan shi ne falankin filawud mai kaurin milimita 12, a shafa gam mai jure ruwa a ɗaure shi da sukurori a baya da gefuna biyu, a sa mai kaurin milimita 18 a sama. Kada ka yarda a yi maka amfani da allon nan na garin katako da ake matsewa, wanda ake kira MDF, domin da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje.

Game da irin katakon, loko da maɗaci sun fi dacewa, saboda suna da ƙarfi kuma gara ba ta cika samun su da sauƙi ba. Obeche yana da arha da sauƙin yanka, amma ya yi laushi ga wannan aiki. Sai dai a Sakkwato bushewar katako ta fi sunansa muhimmanci a ganina. Mafi yawan katakon da ke wurin 'yan katako daga dazuzzukan kudu yake zuwa da ɗanyantakarsa, kuma idan aka yi aiki da shi a haka, da hunturu ya kama sai ya tsuke, ya murɗe, ya tsage. Murɗewar nan ita ce babban haɗari, domin gilashi ba ya lanƙwasa: idan kusurwa ɗaya ta ɗaga, mannin da ke haɗe da gilasan ne zai sha wahala har ya buɗe. Ka zaɓi katako miƙaƙƙe ta hanyar ɗaga shi ka hango tsawonsa da ido ɗaya, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani na wasu makonni, kada ka shanya shi a rana.

Ruwan gishiri yana da halinsa. Duk inda ya fantsama ya bushe sai ya bar farin ɓawon gishiri, wanda ke jan laima ya ci ƙarfe, kuma da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ruwan zai riƙa ƙafewa da sauri, za ka yi ta ƙari kana zubarwa. Don haka a yi amfani da sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa, haka ma hinjin ƙofa. A shafa maganin gara tun kafin haɗawa, a nesa da tankin, a bar shi ya bushe sarai, sannan a bi da fenti mai mai sau uku ciki da waje, musamman bakin katakon da aka yanka da ƙasan ƙafafu, inda ruwa ya fi shiga. Idan za ka ajiye ƙaramin tankin tace ruwa a ƙarƙashi, ka bar ƙofa mai faɗin da zai iya fita ba tare da an kwance teburin ba, ka huda ramukan shan iska a baya, domin kifin ado na teku ya fi son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, rufaffen akwati kuma tara zafi yake yi. Soket ɗin lantarki a kafa shi sama da bakin ruwan ƙaramin tankin da ke ƙasa, kowace waya ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau zuwa gare shi, domin ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a hanya.

Idan an gama, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu, awon ya zo ɗaya. Ka ajiye teburin a daɓen siminti ko tayil, nesa da taga, ka duba shi da ma'aunin daidaito na magina, inda ya karkata ka cusa siririn katako ko roba mai tauri a ƙarƙashin firam na ƙasa, ba a ƙarƙashin tankin ba. Idan tankinka gilashi ne zalla marar firam ɗin roba a gindi, ka shimfiɗa masa siririn soso mai tauri. Sannan ka cika shi da ruwan famfo, kashi ɗaya bisa uku a kowane mataki kana sake duba ma'aunin, ka bar shi kwana biyu ko uku a cike kafin ka zubar ka haɗa ruwan gishirinka.