Amsa ga mai tambayar ayaba a madarar kwakwa

'Yar uwa na ga tambayarki tun jiya, wai kin dafa ayaba cikin madarar kwakwa sai madarar ta tsinke mai ya taso sama, ayabar kuma ta caɓe. Wlh dariya nayi, dan nima haka nawa na farko ya fito, ga baƙi a falo suna jira, ƙarshe rufe tukunyar nayi na tura ta gefe kamar ban taɓa niyyar yin komai ba.

Laifin wuta ne galibi. Madarar kwakwa mai ne da ruwa a haɗe, in ta tafasa da ƙarfi sai su rabu, kuma in sun rabu duk juyin da zaki yi ba za su koma daidai ba. Ni yanzu tatsa biyu nake yi. Na fasa kwakwa wadda ta ƙosa, irin wadda in kin girgiza kina jin ruwa yana motsi a ciki, na kankare baƙin bayan nan dan madarar ta fito fara tas, na yanka ƙanana na zuba a blanda da ruwa mai ɗumi kamar kofi ɗaya, ba tafasasshe ba. Na matse a ƙyalle mai tsabta, wannan ta farkon mai kauri na ajiye ta gefe. Sai na ƙara ruwa kofi biyu a dusar na sake matsewa, da wannan tsinkakkiyar ake dafa ayabar da suga, wuta ƙasa-ƙasa, minti 5 ya isa, wani lokacin ma bai kai ba. Mai kaurin sai a ƙarshe, ki zuba ki juya a hankali, da kin ga gefen tukunya ya fara ɗan kumfa ki sauke. Kar ki rufe tukunyar, kar kuma ki tafi duba waya, nan ne ake asara.

Sai ayabar. Wadda ta nuna lugub har bayanta yayi ɗigo-ɗigon baƙi bata jure dahuwa, ki nemi wadda ta nuna amma da sauran ƙarfinta, ki yanka manya-manya, ki tsaga biyu ki raba biyu. Mutanen Tailan da suke kiran abin kluai buat chi gajeriyar ayaba mai tauri suke sawa, a Indonesiya kuma kolak suke ce wa nasu, da sugan ruwan bishiyar kwakwa ko danginta na can suke yi shi yasa yake fitowa ruwan ƙasa. Kuma dan Allah ki sa gishiri ɗan kaɗan, nasan zaki ce gishiri a kayan zaƙi, eh, shi ke fito da garɗin kwakwar, in babu sai kiji abin salam.

Waccan lugub ɗin kar ki zubar, ki ɓare ki yanka ki sa a firiza ta kwana, da safe ki markaɗa da cokali uku na madarar mai kauri, kamar ayis kirim yake fitowa, yarana basu yarda ba suga a ciki ba har yau. Dusar ma ina gasa ta a kasko ba mai, ana juyawa ba tsayawa dan minti ɗaya zaki juya baya ki jiyo ƙauri, sai na barbaɗa a kai.

Madarar da kika tatsa da hannu bata wuce kwana biyu ko uku a firij, in kin ga ta daskare a sama ba lalacewa tayi ba, man ne, ki ɗan ɗumama ki girgiza. Amma in ta fara tsami to kam zubarwa ce.